IBETO DA TAFKIN KAINJI: IN BAƘIN JIRGIN RUWA SUKA ZO, WA ZAI CI MORIYA?

Matafiyin da ya tashi daga Kontagora ya yi yamma, ya nufi Yawuri ko Salka da Auna, zai ratsa ta Ibeto, ɗaya daga cikin manyan garuruwan ƙaramar hukumar Magama ta Jihar Neja, a ƙarƙashin masarautar Sarkin Sudan na Kontagora. Gari ne na manoma. Da damina gonakin dawa da masara da gyaɗa da wake sukan rufe hanya dama da hagu, da kaka kuwa manyan motoci ne ke jeruwa suna lodin buhuna zuwa kasuwannin kudu da na arewa. Wanda ya tsaya a bakin titi ya duba gabas da yamma ba zai hangi wani babban ruwa ba, balle jirgi. Amma in ya leƙa wajen masu sayar da bandar kifi ya tambayi inda tarwaɗa da ƙarfasa suka fito, sai a nuna masa yamma, watau wajen tafkin Kainji, wanda ƙasar Magama ta kai har kusa da gaɓarsa ta fuskar Auna.

Wannan tafki shi ne dalilin da ya sa maganar jiragen ruwa na yawon shaƙatawa ta shafi mutumin Ibeto, ko da bai taɓa taka kwale-kwale ba. Duk lokacin da aka tashi zancen farfaɗo da yawon buɗe ido a Jihar Neja, sunan Kainji na cikin na farko da ake ambata, kuma tun da Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman don harkokin ruwa da arzikin teku a 2023, zancen amfani da koguna da tafkuna ya daɗa ƙarfi. To, kafin a kai ga ranar da za a ga jirgi mai ɗakunan kwana ya yi fito a Wara ko Yelwa, ya kamata a dubi abin da irin waɗannan baƙi suka haifar a wuraren da suka riga suka saba zuwa, a kuma dubi su wane ne mutanen da za a zo kallo.

MUTANEN ƘASAR

Kambari su ne tsofaffin mazauna wannan yanki, sa'an nan ga Hausawa da Fulani da suka daɗe da zama tare da su. Sunan Kambari ma suna ne da maƙwabta suka game su da shi. Na wajen Salka suna kiran kansu Ashingini, harshensu kuwa Tsishingini, na wajen Auna da Wara kuma harshensu Tsikimba ne. Haka abin yake ga Gungawan ƙasar Yawuri. Bahaushe ne ya sa musu wannan suna saboda zamansu a gungu, watau tsibiri, alhali su Bareshe suke kiran kansu, kuma a yau da yawa daga cikin jikokinsu Hausa suka tashi da ita a baki. Ke nan tun kafin Bature ya zo da na'urar ɗaukar hoto, mutanen wannan kogi sun san yadda baƙo kan raɗa wa mutum suna har sunan ya bi shi.

Sun kuma san ɗacin zuwan baƙo da ƙarfi. Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa Kontagora a wajejen 1864, kuma yaƙe-yaƙen da shi da ɗansa Ibrahim suka yi sun tarwatsa garuruwan Kambari da dama, har zuwa 1901 da Turawan Ingila suka ci garin. Tsoron baƙo da ake gani a waɗansu ƙauyukan da ke nesa da titi yana da asali a wannan tarihi.

RUWAN DA YA CI GARURUWA

Kogin Kwara ya daɗe yana jawo masu son gani da ido. A 1806 Mungo Park, ɗan ƙasar Sikotilan, ya halaka a wajen duwatsun Busa, yana cikin jirgin da ya taso da shi tun daga ƙasar Mali ta yau. A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka sauka Busa, suka je Yawuri, sa'an nan suka bi kogin har inda ya faɗa teku. Waɗannan su ne baƙin jirgi na farko daga Turai, kuma abin da suka rubuta shi ne ya zama labarin wannan ƙasa a idon duniya shekara da shekaru.

A 1964 aka fara ginin madatsar ruwa ta Kainji, a 1968 aka tare kogin, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon kimanin kilomita 135. Tsohuwar Busa ta nutse, tare da duwatsun da suka ci Mungo Park, da tsibirai da fadamun da Gungawa ke noman albasa. Mutane kimanin 44,000 aka tayar aka sake musu matsuguni, aka gina Sabuwar Busa, aka yi wa ƙauyuka gidajen siminti a jere. Da yawa daga cikin waɗanda aka bai wa gidajen sun ƙara ɗakunan ƙasa da na ciyawa a gefe, don ginin bai dace da yadda suka saba zama da iyali da dabbobi ba. Kaburburan iyaye da wuraren tsafi da tsofaffin kasuwanni kuwa ba a iya ɗauke su, suna can ƙarƙashin ruwa har gobe.

Madatsar tana da injuna takwas masu ƙarfin megawat 760, wutarta ta haskaka Legas da Kaduna har da Yamai, alhali waɗansu ƙauyukan da suka ba da ƙasarsu sun yi shekaru suna kwana da fitilar ƙwai. Wannan koke na cikin dalilan da suka sa aka kafa hukumar raya yankunan da ke samar da wutar ruwa, wadda hedikwatarta ke Minna. An kuma yi wa madatsar ƙofar da jirage za su riƙa wucewa, da fatan kaya su riƙa hawa kogi daga kudu har Yawuri, amma wannan fata bai cika yadda aka zata ba.

Tafkin ya kawo nasa alheri. Masunta sun taru daga wurare da nisa, Sarkawa da Nufawa da mutanen kudu, giwan ruwa da ƙarfasa da ƙananan kifin nan warangi suka zama abin fatauci. An kafa cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a Sabuwar Busa, da makarantar koyon kula da namun daji. A 1979 doka ta tabbatar da gandun dajin Kainji, wanda ya haɗa dajin Borgu da na Zugurma, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 5,000. A shekarun da ake zaman lafiya baƙi sukan kwana a sansanin kogin Oli, su ga dorina da gwanki da gwaggon biri, su kewaya madatsa, su shiga jirgi a zaga da su cikin tafki. Yau kam 'yan bindiga sun yi sansani a dajin, ƙafar masu yawon ta ɗauke. Sace ɗaliban makarantar tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yuni 2021, da na makarantar Papiri a ƙasar Agwara a watan Nuwamba 2025, sun isa su nuna cewa maganar baƙi tana bayan maganar tsaro. Sai dai ba a fara shirin rumbu ranar girbi, don haka yanzu ne lokacin yin tunani.

YADDA SANA'AR TAKE

Jirgin yawon shaƙatawa otal ne mai tafiya a kan ruwa. Fasinja yakan biya kuɗin kwana da abinci da wasanni gaba ɗaya tun kafin ya shiga. Jirgin yakan tsaya a gari da safe, mutane su fita na 'yan sa'o'i, kafin magariba ya busa su koma. Jirgin Icon of the Seas, wanda ya fara aiki daga Amurka a farkon 2024, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600, ban da ma'aikata. Ba shakka irin wannan ba zai taɓa shigowa Kainji ba, amma tsarin cinikin ɗaya ne ko jirgin na mutum talatin ne.

Ga inda gizo ke saƙa. Tun da baƙon a jirgi zai ci, a jirgi zai kwana, mai masauki da mai tuwo na gari ba su da rabo a aljihunsa. Yawon da zai yi a tudu ma, sau da yawa kamfanin jirgin ne ke sayar masa da tikiti, shi ke zaɓen motar da za ta ɗauke shi da shagon da za a tsaya, ya cire kasonsa kafin sauran ya kai hannun ɗan gari. Abin da ke saura ga garin shi ne cunkoso da shara da tsadar kaya, da ɗan cinikin tsaraba. Kuma saboda lokacin baƙon ƙanƙane ne, duk abin da za a nuna masa sai an datse shi ya yi daidai da agogon jirgi.

Birnin Benis na ƙasar Italiya, wanda aka gina a kan ruwa, ya ga ƙarshen wannan hanya. A 1951 mazauna tsohon birnin sun kai wajen 175,000, a 2022 suka koma ƙasa da 50,000. Dalilan suna da yawa, amma babba daga ciki shi ne gidajen haya sun koma masaukin baƙi, shagunan burodi da na kayan miya sun koma na tsaraba, talaka ya kasa zama a garin kakanninsa. Bayan shekaru ana zanga-zanga, a watan Agusta 2021 gwamnatin Italiya ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar birnin, a 2024 kuma aka fara karɓar Yuro 5 daga masu shigowa yini ɗaya a waɗansu ranaku.

DARASIN NILU DA NA MALI

Misalin da ya fi kama da na Kainji yana ƙasar Masar. Da aka tashi gina babbar madatsar Aswan, wadda aka gama a 1970, an tayar da Nubiyawa fiye da 100,000 a Masar da Sudan. Ƙasashen duniya sun tara kuɗi ta hannun hukumar UNESCO, aka yanka gumakan Abu Simbel gunduwa-gunduwa aka hau da su tudu don kada ruwa ya ci su, ƙauyukan mutane kuwa aka bar wa ruwa. A yau jirage masu yawa ke kai da komo da baƙi tsakanin Luksor da Aswan, kuma ziyarar ƙauyen Nubiyawa na cikin abin da ake sayar musu. A ƙauyen Garb Suhail an shafe gidaje da launi mai ɗaukar ido, ana ba baƙi shayi, ana yi wa mata lalle, waɗansu gidaje har kada suke ajiyewa a kwarami don a ɗauki hoto.

Ba za a ce babu amfani ba. Iyalai sun sami abin yi, mata sun sami cinikin hannunsu, samari da dama sun daina jin kunyar harshensu da suka ga mutanen nesa suna sha'awarsa. Amma tsakar gida, inda ya kamata iyali su sake, ya zama kanti, kuma abin da baƙo ya fi so shi ake ƙawatawa a kira shi al'ada, ko da kakanni ba haka suka yi shi ba. Sa'an nan duk ranar da jirage suka tsaya, kamar yadda ya faru bayan juyin juya halin 2011 da lokacin annobar korona a 2020, sai tukunya ta sauka a gidajen da suka bar noma da su.

A kan wannan Kogin Kwara ma an ga haka. Kafin 2012 garin Mopti na ƙasar Mali ya cika da masu jagorar baƙi da masu manyan kwale-kwalen da ke kai su Tumbutu, a ƙasar Dogon kuma rawar dodanni, wadda asalinta ta makoki ce, ta zama wasan da ake yi wa duk ayarin da ya biya. Da yaƙi ya ɓarke a arewacin ƙasar sai baƙi suka ɗauke ƙafa, dubban matasa suka wayi gari ba sana'a. Ran 7 ga Satumba 2023 aka kai wa jirgin fasinja mai suna Tombouctou hari a kan kogin, mutane da dama suka rasu. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba, kuma garin da ya jingina abincinsa da raɓa zai sha rana.

NA GIDA

Ba sai an je nesa ba. Bikin kamun kifi na Argungu ya samo sifarsa ta yanzu a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Kabawa don tabbatar da sulhu bayan doguwar gaba. Kafin nan su a Matan Fada al'amari ne na Sarkin Ruwa da masunta, da ƙa'idojinsa da lokacinsa. Bikin ya ɗaukaka sunan Argungu, har UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, kuma hana su a wannan wuri a sauran watannin shekara ya taimaka wajen kiyaye kifi. Amma da kyauta ta yi tsoka, sai aka ga abin da ba a saba gani ba: a 2008 an karɓe kyautar wanda aka ce ya zo na ɗaya, bayan an gano ba a wurin gasar aka kama kifin ba. Bikin ya kuma yi shekara goma ba a yi shi ba kafin a dawo da shi a 2020.

A Yawuri ma an farfaɗo da bikin Rigata, inda ake tseren jirage da ninƙaya da nuna jaruntakar Gungawa a ruwa. Abin farin ciki ne yaron da aka haifa a Yelwa ya ga abin da kakanninsa suka iya. Abin lura shi ne kada ya tashi da zaton cewa zama Bagunge rawa ce ta kwana biyu a gaban manyan baƙi, bayan harshen da sanin kogin suna ɓacewa a gida.

Kambari kuwa sun riga sun ɗanɗana kallon da ba mutunci a cikinsa. An sha ganin hotunan waɗansu ƙauyukansu na wajen Rijau a jaridu da intanet, da kanun labarai masu kiran su mutanen da ba su sa tufafi, kamar dai ba su da wani abu sai wannan. Ba a cika faɗin cewa manoma ne na ƙwarai da ke ciyar da kasuwanni ba, ko cewa cikinsu akwai malamai da limamai da fastoci da ma'aikatan gwamnati. In aka bar mai jirgi shi kaɗai ya tsara abin da baƙonsa zai gani, irin wannan hoto zai nema, don shi ke sayuwa. Yarinyar da ta ga ana ba ta kuɗi saboda zanen jikinta, ana kuma dariya, ɗayan biyu ne: ko ta tsani abin da uwarta ta gada, ko ta mai da shi haja. Yaron da ya gane cewa bin baƙi da roƙo ya fi zuwa makaranta kawo kuɗi, da wuya malami ya sake ganinsa.

JIRGIN 'YAN GARI TUKUNA

Akwai wani abu da ya riga duk wannan. Ran 26 ga Mayu 2021 wani jirgin katako da ya taso daga gaɓar Jihar Neja zuwa Wara ta Jihar Kebbi ya kife da mutum fiye da 150, kaɗan ne suka tsira, kuma ba shi ne na farko ko na ƙarshe a wannan ruwa ba. Lodi fiye da kima, da tsufan jirage, da rashin rigar ruwa, da kututturan itatuwan da ba a sare ba kafin a tare kogin, su ne ke cin rayuka. Zai zama abin kunya a share hanyar ruwa, a kafa fitilu, a ajiye jirgin ceto saboda baƙon da zai yi kwana uku, alhali matar da ke fito kowane mako da kwandon kifinta ba ta sami ko ɗaya ba. Duk gyaran da za a yi, a fara yinsa don 'yan kasuwa da 'yan makaranta, baƙo ya tarar da shi.

Bayan haka, sai a yi ƙa'ida tun kafin jirgi na farko ya iso. Masarautun Kontagora da Borgu da Yawuri, da ƙananan hukumomin da ke gaɓar tafkin, su ne ya kamata su zauna da hakimai da dagatai da sarakunan ruwa su yanke ƙauyen da ya yarda a ziyarce shi da wanda bai yarda ba, da yawan mutanen da za su sauka a rana. A sa kuɗin sauka sananne, a rubuta shi, ya tafi ga rijiya da aji da ɗakin shan magani na wannan ƙauye. Masu jagora su zama 'ya'yan wurin, waɗanda za su ba da labarin tsohuwar Busa da tsibiran da suka nutse da bakin waɗanda abin ya shafa. Kada a ɗauki hoton kowa sai da izninsa, kada a shiga wurin ibada ko na tsafi ko maƙabarta. Mai jirgi ya sayi kifi da shinkafa da albasa a gaɓa, ya koma da shararsa, kada ya zubar da mai a inda ake jefa taru. Kada kuma a hana masunta wani sashe na ruwa don baƙi su sami wurin hutawa, gama an riga an tashe su sau ɗaya.

Rabon Ibeto a cikin wannan a fili yake. Baƙon da ya fito daga Abuja ko Minna ko Kaduna zai iya bin wannan hanya kafin ya kai ruwa, kuma gari na kan hanya yana da zaɓi: ya zama wurin da mota ke wucewa ana ɗaukar hoton mutane ta taga, ko wurin da ake tsayawa a ci abinci, a sayi zuma da man gyaɗa da tabarma a kan farashin da mai kaya ya faɗa. Na biyun ba ya samuwa sai hanya ta gyaru, dare ya yi lafiya, matasa kuma sun san tarihin garinsu da za su iya faɗa wa mai tambaya ba tare da sun sunkuyar da kai ba.

Yanzu dai tafkin na masu taru ne da 'yan fito. Da asuba sukan tura kwale-kwale a kan ruwan da ke rufe da gonakin kakanninsu, da hantsi mata su hura wutar banda, kifin ya bi mota ya ratsa Auna da Salka ya iso kasuwa. Allah ya kawo zaman lafiya a wannan yanki, ya sa ranar da baƙi za su dawo su tarar da masu gida a bakin ƙofarsu.